Masu bincike, dan Allah ku riƙa dawo mana da abin da kuka gano

Shekara shida kenan ina koyar da mata a ajin yaƙi da jahilci a unguwarmu a Kano, kuma maganar nan ta daɗe tana cina a rai. Duk shekara sai an turo mana masu bincike, ɗaliban jami'a masu rubuta firojet, ko ma'aikatan ƙungiyoyi, musamman in 8 ga Satumba ta matso, ranar yaƙi da jahilci ta duniya. Su zo da takardun tambayoyi da Turanci, ni zan bar darasi in zama tafinta, ni zan lallashi matan su amsa, darasin awa biyu ya tafi a banza, matar da ta bar tukunya a wuta da ƙyar mai gida ya barta ta fito ta koma gida ko harafi ɗaya bata ƙaru da shi ba. Daga ranar kuma shiru kake ji, ko kwafi ɗaya ba a taɓa kawo mana ba sai sau ɗaya tak.

Akwai ranar da ba zan manta ba. Wani yaro ya zo da takardar amincewa, ya ciro tawadar dangwale ya miƙa wa wata dattijuwa da muke kira Iya, bai ko tambaye ta ba. Iya ta yi wata huɗu tana fama da rubuta sunanta da boko, ta dube shi ta ce "ɗana, ba ni biro". Ta rubuta a hankali hannunta na rawa, ajin ya yi tsit har ta gama. Ni kam sai da na juya baya na share hawaye. To amma a takardarsa ya riga ya sa ta cikin waɗanda basu iya karatu ba, alhali Iya ta sauke Alƙur'ani tun tana budurwa, tana rubuta lissafin adashinta da ajami. Babu gurbin ajami a takardar kwata-kwata. A ƙasar da Nana Asma'u ta kafa 'yan taru, ƙungiyar ilmantar da mata, malamai mata da ake kira jajis suna zaga ƙauyuka suna karantar da mata da waƙoƙin ajami tun kafin ta rasu a 1864, a nan ne za a zo a rubuta jikokinsu jahilai saboda boko kaɗai aka ƙirga. Irin waɗannan alƙaluman ne ke tafiya har Abuja da ƙasashen waje, da su ake tsara mana manhaja.

Ba wai ina ƙin bincike ba ne fa. Tun 1980 da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Kano, da ta ƙasa da aka kafa a 1990, aikin nan yana buƙatar masu nazari su duba me ke tafiya me ya tsaya. Kuma na ga mai kyau da idona. Wata ɗaliba ta zo ta zauna a tabarma tare da mu kusan wata uku, tambayarta ɗaya, me ya sa mata ke daina zuwa. Matan da kansu suka faɗa mata, ajin safe yana cin karo da girki da kai yara makaranta, kuma sun gaji da karanta labarin da bai shafe su ba, so suke su iya nemo suna a waya, su karanta alat ɗin banki, su gane sau nawa za a ba yaro magani. Da ta gama sai ta dawo ta karanta mana sakamakon da Hausa, aka yi ta gardama ana gyara mata, muka mai da aji bayan azahar, na fara koyarwa da kwalin magani da wayoyinsu. Ni kaina a wurinta na gane ina saurin wuce masu jinkirin fahimta, abin ya min zafi amma na gyara.

Don haka malaman jami'a da ke sa hannu a firojet, ku wajabta wa ɗalibanku komawa ajin da suka yi bincike su faɗi abin da suka samu da harshen matan, ku sa ajami a takardunku, kuma malamar da ta yi tafinta a biya ta wahalarta, a ambaci aikinta. Iya har yau in ta ga baƙo ya shigo da jaka sai ta tambaye ni, malama yaron nan mai tawada bai dawo ba? Tana so ta nuna masa yanzu har wasiƙa tana rubutawa.