Yadda Kafireto Ya Ci Kazar Maƙwabcina

Kawuna ya ba ni babur kyauta, kuma har yau ban gama tantancewa ba ko ƙauna ce ko wani tsohon laifi nake biya. Honda CG125 ne ƙirar 1978, irin wanda Japanawa suka fara fitarwa a 1975 don ƙasashen da ba a kai mashin gyara sai ya faɗi warwas. Inji lafiya lau, sai dai shan mai. A zamanin Kawu wannan ba abin damuwa ba ne, amma ni a hannuna ya faɗo bayan an cire tallafi a watan Mayun 2023, lokacin da ake sayen lita ana salati.

Daga Tudun Wadan Zariya in je Samaru in dawo, sai in ji ina laluben rizab. Salansa na aman baƙin hayaƙi, wanda duk ya biyo ni a baya sai ya yi mini addu'ar da ba a cewa amin. Da sanyin asuba bugu ɗaya yake tashi ba tare da an ja cok ba, har ina yi wa mutane taƙama da hakan. Da ya ɗau zafi kuwa sai ya fara shaƙewa, ka murɗa totur yana tari. Uwargida ta kafa doka: "Maigida, ka riƙa barin rigar nan a zaure, kada in ƙyasta ashana mu tashi gaba ɗaya."

A majalisarmu kowa ya zama injiniya. Wani ya ce ringi ne, wani ya ce 'yan bumburutu ne ke haɗa mini da kalanzir. Mafi yawansu kuma ba sa ma magana, sai dai mutum ya tsuguna ya zaro makulli ko farce ya murɗa ɗan sukurun da ke jikin kafireto, ya miƙe yana kaɗe hannu ya ce an gama.

Na kai wa wani dattijon makanike a Sabon Gari. Bai ko kalli sukurun ba. Fulogi ya kwance ya miƙo mini.

"Malam, tunda kai mai karatu ne, karanta."

Baƙi ƙirin, busasshen toka har yana zama a yatsa. Ya ce da ringi ne da na ga maiƙo a jiki, hayaƙin kuma ya yi shuɗi-shuɗi saboda baƙin mai ke ƙonewa. Wannan fetur ne ya fi iska yawa, shi ya sa ma ba ya neman cok da safe. Na gyara tsayuwa na sanar da shi cewa a littafi, kowane awo ɗaya na fetur yana buƙatar awo 14.7 na iska, in aka bi nauyi.

"Ni ban san sha huɗu da ɗigo ba," in ji shi. "Na dai san in ya daidaita, bakin fulogi zai yi kalar shayi mai madara."

Aiki ya yi masa yawa, sai ya ba ni jeri in je in bi da kaina: cok, soson tace iska, allurar da ke tsayar da mai a kofin kafireto, allurar totur, sukuru kuma can ƙarshe.

Ranar Asabar na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Cok na buɗewa sarai. Na cire murfin gidan iska, na tarar soson ya daskare da ƙurar hunturun shekaru. Abin da ke bayansa ne ya sa na zauna daɓas: laya ce ta fata, faɗinta ya kai tafin hannu, an cusa ta daidai ƙofar da iska ke shiga. Na buga wa Kawu waya.

"Kai yaro, mayar da ita! Tun zamanin Shagari take nan. Ka taɓa jin an sace mashin ɗin?"

Na so in ce Kawu, ai ɓarawo ma yana lissafin kuɗin mai, amma na haɗiye. Muka sasanta a kan in ɗaure ta ƙarƙashin kujera.

Na wanke soso da kalanzir, ya bushe, na ɗan shafa masa baƙin mai na matse. Hayaƙi ya ragu sosai. Kofin kafireto ba ya ambaliya, don haka na wuce. Amma da totur ya kai tsakiya sai tarin ya dawo, kuma nan hurumin allura ne: ƙaramin jet, wato 'yar kafar da mai ke bi, ke riƙe da silo (lokacin da inji ke aiki ba a murɗa totur ba), babban jet ke aiki in an murɗe totur duka, tsakaninsu kuwa allura ce ke mulki. A kanta akwai tsaga biyar da wani ɗan kilif da bai kai ƙwayar wake ba. Nawa yana tsagar ƙasa, wato an ɗage allurar iya ɗagewa, mai na kwarara yadda ya ga dama. Abin da ya rage kawai in matsar da shi sama.

Na sa bakin sukudireba na ɗan taɓa. Ƙis! Kilif ya fice ya yi sama.

Daidai lokacin kazar maƙwabcina na kiwo a gefen tabarma. Ta kai sara ƙasa, ta ɗaga wuya, ta haɗiye wani abu. Yaran unguwa suka haɗa baki: "Wallahi Malam ta haɗiye!"

Ana sayar da irinsa a Sabon Gari da kuɗin da bai kai na shayi ba, amma wannan asalin na Japan ne, tare suka zo da mashin, kuma ga magariba ta kawo jiki. Na yi sallama da maƙwabci. Da ya ji bayani sai fuskarsa ta cika da tausayi.

"Ayya Malam, ai wannan ba ta sayarwa ba ce. Ita ke riƙe da gidan nan da ƙwai."

Kazar da duk unguwa ta shaida ba ta taɓa yin ƙwai ba. Na biya kuɗin da zai cika mini tanki, aka yanka. Uwargida ta tsaga ƙundu muna tsaye a kanta da tocila: tsakuwa, dawa, da maɓallin riga. Babu kilif. Aka yi farfesu, na ci ba don ina jin daɗi ba, har maƙwabcin aka kai wa nasa kwanon. Sai da na tashi alwalar isha'i, na warware naɗin ƙafar wandona, na ji wani abu ya faɗi a kan siminti, ƙis.

Washegari na sa shi a tsagar tsakiya. Na bar inji ya yi zafi, na shigar da sukurun nan a hankali har ya tsaya, na dawo da shi zagaye ɗaya da rabi, sannan na riƙa motsa shi kaɗan-kaɗan har ƙarar ta zauna daram, na rage silo. Na sa sabon fulogi na miƙa hanyar Shika na dawo. Da na kwance, sai ga kalar da dattijo ya faɗa. Yanzu ina zuwa aiki in dawo ban taɓa rizab ba, an kuma yarda rigata ta shiga ɗaki.

Maƙwabci dai ya samu sana'a. Da ya hango na ɗauko tabarma da sufana, sai ya buɗe akurki ya koro su duka, ya jawo benci ya zauna.

"Malam, yau ba za a buɗe kafireton ba ne? Ga zakaran nan ma, shi ya fi ta saurin sara."