Ba sabon dam ne zai kawo ruwa Rigasa ba

Wasu na cewa ƙaton dam ne zai kawo ruwa unguwannin Kaduna irin su Rigasa. A nan Johannasbag, kaso mai tsoka na ruwan famfo daga wata ƙasa yake zuwa. Dam ɗin Katse na Lesoto bangon kankare ne mai lanƙwasa, tsayinsa mita 185, an lanƙwasa shi ne don nauyin ruwan ya tafi kan duwatsun gefe. Daga nan ruwan ya bi rami mai kilomita 45 zuwa tashar lantarki ta Muela, ya ba da wuta, ya gangara kogin Vaal ba tare da injin turawa ba. Afirka ta Kudu kuma biyan Lesoto take yi. Mu ma muna da dam ɗin Gurara a jiharmu ta Kaduna, yana shayar da Abuja ta bututu mai kilomita 75, kuma ya kamata 'yan majalisarmu su riƙa tambayar me Kaduna ke samu.

Duk da Katse, unguwanni a nan sukan kwana uku ba ɗigo, saboda sama da kashi 40 cikin 100 na ruwan da birnin ke saya yoyo da satar layi da rashin biya ke cinyewa. Shi ya sa ba na tare da masu cewa a gina wa Kaduna ƙaton dam.

Dam ɗin Kangimi da muke da shi a Kaduna da ƙasa aka gina shi, aikinsa ya tallafi kogin Kaduna da rani, kuma kogin ba shi ne ke kasa mu ba. Matsalar daga matatar ruwa ta Malali take farawa. Da damina ruwan jawur yake zuwa, sai an ƙara alif kafin laka ta kwanta, ga yashin tacewa da ke toshewa da wuri. In aka ɗauke wuta injinan suka tsaya farat ɗaya, ruwan kan doki bututun da baya, tsohon mahaɗi ya buɗe. Mafi muni shi ne ba da ruwa yau a hana gobe: bututun da ba kowa a cikinsa zuƙo ruwan kwata yake yi ta inda ya tsage, shi ne baƙin ruwan farko da mata ke zubarwa.

A ba matatar layin wuta nata na kanta, a sa mita a bakin kowace unguwa, a karanta ta ƙarfe biyu na dare lokacin da kowa ke barci. Inda allurar ke gudu a lokacin, yoyo ne, nan za a tona.