Ƙanina, Ajiye Ambulan Ɗin Nan Mu Yi Magana

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa, musamman ku da kuka gama bautar ƙasa kuka dawo gida, alawus ya tsaya, kullum sai an leƙa waya a ga ko an buɗe shafin ɗaukar aiki.

Ranar Asabar 15 ga Maris 2014 ba ta fita a raina. Hukumar Shige da Fice ta Najeriya ta kira jarrabawar ɗaukar ma'aikata, mutum sama da rabin miliyan suka nemi guraben da ba su kai 5,000 ba, kowa ya biya naira 1,000 kuɗin fom. Aka tara su a filayen wasa, aka yi turmutsutsu a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, aƙalla mutum 16 suka rasu. 'Ya'yan mutane ne masu digiri, sun fito da fararen kayan motsa jiki da takardunsu a hannu. Allah Ya jiƙansu. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, halal suka fita nema. Abin da ke ci mini rai shi ne har yau yawancinmu ƙofar nan guda ɗaya muka sani, kuma a bakinta muke ƙarar da ƙuruciyarmu.

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa sama da 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba aikin ofis mai takardar ɗauka da fansho suke yi ba. Suna kasuwa, suna gona, suna gareji, suna shagon ɗinki. Mafi yawan irin waɗannan ayyuka ba a taɓa tallata su ba, ba kuma za a tallata ba. Alhajin da ke neman wanda zai riƙe masa lissafi ba jarida yake zuwa ba. Abokinsa yake tambaya bayan sallar La'asar: "Ko ka san wani yaro mai amana?"

Ni ma na yi shekara biyu ina yawo da ambulan. Na yi fotokwafin takarduna har na daina ƙirgawa. Akwai wani da ya karɓi kuɗin da mahaifiyata ta sayar da tunkiyarta ta ba ni, da alkawarin zai kawo mini ofa, daga ranar ban sake jin muryarsa ba. Don Allah kada wanda ya sayi aiki. Ko ofar ta gaskiya ce, cin hanci ka ba da, kuma haƙƙin wani ka danne. A 2023 sai da Majalisar Wakilai ta zauna bincike kan cinikin guraben aikin gwamnati, don haka ba ƙaramar ɓarna ba ce, kada ka zama mai ƙara mata kasuwa.

Abin da ya sauya mini tunani darasi ne da na sha ji tun ina allo, ban taɓa ɗaukarsa a matsayin darasin neman aiki ba. A Suratul Ƙasas, Annabi Musa (AS) ya isa Madyana baƙo, ba kuɗi, ba masauki, bai san kowa ba. Ya tarar da mutane suna shayar da dabbobi, ga mata biyu a gefe sun tsare nasu suna jira a watse. Bai tambayi wa ke ɗaukar ma'aikata a garin ba. Ya ga matsala a gabansa, ya shayar musu, ya koma inuwa ya roƙi Ubangijinsa. Ɗayarsu ce ta ce wa mahaifinsu ya ɗauke shi aiki, domin mafi alherin wanda za a ɗauka shi ne mai ƙarfi kuma amintacce. Ta ga ƙarfin da idonta, ta ga amanar da idonta, kafin a yi maganar aiki. Haka Nana Khadija (RA) ta miƙa wa Manzon Allah (SAW) dukiyarta ya kai Sham, saboda labarin gaskiyarsa da ya riga ya cika Makka.

To kai ma tashi ka je inda ake shayar da dabbobin. Shiga kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano ka zauna kwana uku kana kallo. Ana loda riɗi da zoɓo da citta zuwa ƙasashen waje, kuma da yawan masu wannan dukiya suna buƙatar wanda zai rubuta musu wasiƙa da Turanci mai kyau, ya tsara musu lissafin shiga da fita a kwamfuta, ya bi musu takardun banki. A Kantin Kwari akwai mai shago cike da atamfa da shadda wanda bai da mai ɗaukar masa hoto mai kyau ya amsa wa masu saye a WhatsApp. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, masu noman rani ke komawa injin ban ruwa mai sola, gidaje da shaguna ma haka, kuma duk wanda ya sa sola wata rana zai nemi mai gyara. Wanda ya karanta lantarki a kwaleji, me ya hana shi bin mai haɗa sola wata shida yana riƙe masa tsani? Girman kai rawanin tsiya ne, kuma na ga ya cinye wa mutane shekaru.

Idan ka gano abin da ke damun mutum, kada ka je masa da "Alhaji a taimaka." Ka ce: "Alhaji, na lura bashin da kake bin 'yan sari a ka yake. Ba ni wata ɗaya in tsara maka shi, in ka ga amfanina sai mu yi magana." Haka na samu aikina na farko, a wurin wani mai sayar da hatsi. Littafinsa na lissafi na gyara, cikin sati uku muka gano kuɗin da ya manta yana bi.

Amma a nan akwai gyara, kuma ina so a ji shi da kyau. Aikin gwaji yana da iyaka. Ko tsakanin Annabi Musa da dattijon nan, mahaifin matan, sai da aka yanke wa'adi a fili, shekara takwas, in ya cika goma to daga gare shi ne. Ka faɗi ranar farawa da ranar gamawa, da abin da za a biya ka in an ci gaba, a gaban shaida. Akwai masu cin gumin yara da sunan koya musu aiki, shekara ta zagayo ba ko kuɗin mota. Wannan zalunci ne, kada kunya ta sa ka zauna a ciki.

Sai batun sanayya. Mun saba cewa in ba ka da kafa ba ka samun aiki, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai kafa daban, a san ka da iya abu daban. Na farko gadonsa ake yi, na biyu kuwa ɗan talaka ma yana iya gina shi. Kuma sau da yawa labarin aiki ba daga aminanka yake zuwa ba, don abin da suka sani kai ma ka sani. Daga abokin yayanka yake zuwa, ko tsohon malaminka, ko mutumin da kuke haɗuwa a sahu ɗaya da Asuba. Ka je wurinsu neman shawara, minti goma kacal: yaya kuka fara, me ake nema a wurin sabon shiga, wa kuke ganin ya kamata in gani? In an tambaye ka wane aiki kake so, kada ka ce "kowane iri." Ba mai iya tuna mai neman kowane iri. Ka ce lissafi ka iya, ko koyar da lissafi a firamare, ko gyaran waya.

'Yan'uwa mata, duk wannan da ku nake. Ƙari ɗaya: wanda ya ce intabiyu a otal za a yi, ko da dare, ba aiki zai ba ki ba. Ki tafi da muharraminki ko ki haƙura, Allah zai musanya miki.

Intanet kuma hanya ce ta gaske ga wanda ya koyi abu ya iya. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 kyauta yake koyar da fasahar zamani. Amma tara satifiket goma ba ya kai aiki ɗaya da ka yi wa wani za ka iya nunawa. Mun ga yadda a 2024 matasanmu suka kwashe watanni suna dangwalar waya da sunan mainin, wato haƙar kuɗin kirifto, mafi yawansu suka tashi da abin da bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba. Da watannin nan a gareji aka yi su, da yanzu an iya sauke inji.

Game da samun aikin da rai zai kwanta da shi, ba a gane shi daga kan katifa. Mutum yakan yi shekara biyar yana mafarkin aikin banki, ya shiga ya tarar bai iya jure zaman ba. Kafin ka ɗaura wa wata sana'a aure, roƙi mai yin ta ka bi shi sati guda, ka ga safiyarta da yammacinta, ka ga ranar da ba ciniki. Sannan ka tambayi kanka: halal ne? Zan iya faɗa wa mahaifiyata abin da nake yi ba tare da na sunkuyar da kai ba? Bayan shekara zan fi yau iyawa? Akwai ɓangaren aikin da in na shiga ba na jin wucewar lokaci? Ka yi istihara, ka shawarci manya. Aikin farko ba lallai ya zama na ƙarshe ba.

Abu mafi nauyi shi ne iyaye. Mahaifina ya yi wata biyu ba ya sakin fuska da ni, don a ganinsa bai biya kuɗin jami'a don in zauna a rumfar hatsi ba. Kada ka yi jayayya da su, wahalarsu suke tunawa. Ban daina cike fom ɗin gwamnati ba in an buɗe, na dai daina zaman jiransa, kuma na faɗa masa haka cikin ladabi. Ranar da na karɓi albashina na farko na sayi buhun gero na ajiye a zaure, ya tambayi ƙanena na wane ne. Da aka faɗa masa bai ce komai ba. Washegari da Asuba shi ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya ce in tashi kada in makara kasuwa.