Roger Williams: mai tsaurin addinin da ya ƙi a yi wa kowa dole

Duk sanda aka tayar da zancen 'yancin addini a Amurka sai ka ji ana ta kiran sunan Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, amma ni wanda ya fi tsaya min a rai wani malamin coci ne da ya riga Jefferson zuwa duniya da shekara wajen 140, wato Roger Williams. Mutane da yawa ɗaukarsa suke wani ɗan sassauci wanda addini bai dame shi ba, alhali wallahi mutumin nan ya fi waɗanda suka kore shi tsauri.

Haifaffen Landan ne, ya yi karatu a Cambridge, ya sauka Boston a Fabrairun 1631 shi da matarsa Mary. 'Yan Puritan, wato Kiristoci Furotesta masu tsauri, da ke riƙe da Massachusetts, yankin da Boston take, waɗanda su ma takura ce ta fito da su daga Ingila, suka karɓe shi hannu bibbiyu har da yi masa tayin zama malamin cocin Boston, gogan naka ya ce a kai kasuwa, wai cocin bai fito fili ya raba gari da Cocin Ingila ba, shi kuma ba zai jagoranci mutanen da ke da ƙafa ɗaya a can ɗaya a nan ba. To ka ji fa, wannan ne ake cewa mai sassauci.

Daga nan bakinsa bai mutu ba. A Salem ya ce alƙalai da mahukunta ba su da hurumin hukunta mutum kan abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa, kamar ƙin kiyaye ranar ibada, nasu shi ne sata da kisa da cin haƙƙin wani. Ya ƙara ɓallo ruwa da ya ce Sarkin Ingila ba shi da ikon kyautar da ƙasar da ba tasa ba, sai dai a saya a hannun 'yan asalin wurin, ni a ganina wannan ce ma ta fi yi musu zafi don ta taɓa gona da aljihu. A Oktoban 1635 kotun Massachusetts ta yanke masa hukuncin kora, ana shirin cusa shi a jirgi a mayar da shi Ingila ya sulale a Janairun 1636 cikin ƙanƙara, ya yi mako 14 yana gararamba, mutanen Wampanoag, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar, su ne suka ba shi masauki. Bayan nan ya samu fili daga sarakunan ƙabilar Narragansett, Canonicus da Miantonomi, ya kafa garin Providence, inda aka rubuta cewa biyayya ga hukuma a harkokin zaman duniya kaɗai take.

Hujjarsa ce ta fi burge ni, don ba cewa ya yi duk addinai ɗaya ne ba, a'a, shi ya yi amanna yawancin mutane a kan ɓata suke. Abin da yake cewa, in hukuma ta sa bulala ta tara jama'a a wurin ibada ba masu imani ta tara ba, munafukai ta ƙera, har yana cewa ibadar dole wari take yi a wurin Allah. Katangar nan da ake yawan faɗa tsakanin addini da gwamnati shi ya kwatanta coci da lambu, duniya kuma daji, katangar don kare lambun ce kar dajin ya cinye shi. Wato tsoron da yake ji siyasa ta ɓata addini ne. A littafin da ya buga a Landan a 1644, wanda majalisar Ingila ta sa aka ƙona, ya ce a bar Yahudawa da masu bautar gargajiya da "Turkawa" su yi ibadarsu, Turkawa kuwa a bakin Turawan lokacin Musulmi ake nufi. Duk wanda ya san ayar nan ta Suratul Baƙara mai cewa babu tilastawa a addini ba zai ji maganar baƙuwa ba.

Na san wani zai ce ai wannan hanyar rashin doka ce, kowa ya yi abin da ya ga dama, kuma maƙwabtansa haka suka riƙa kallon Rhode Island, yankin da Providence take, a matsayin jujin da ake zubar da 'yan bidi'a. Ya amsa irin wannan magana a 1655 da misalin jirgin ruwa ɗauke da Katolika da Furotesta da Yahudawa da Musulmi: ba wanda za a tilasta wa zuwa addu'ar jirgi, amma wanda ya ƙi aikinsa ko ya tayar da bore kyaftin zai hukunta shi. Kuma an gwada abin a kansa da 'yan Quaker, wata ɗariƙar Kirista, waɗanda ya tsani aƙidarsu sosai. Boston ta rataye huɗu daga cikinsu tsakanin 1659 da 1661, har da mace, Mary Dyer, shi kuwa a 1672 yana ɗan shekara kusan 70 ya tuƙa kwalekwale da kansa har Newport ya je ya yi muƙabala da su, aka yi kaca-kaca da baki, kowa ya koma gida da ransa.

Sai dai ba zan wanke shi tas ba. Mutumin da ya koyi harshen Narragansett har ya rubuta littafi a kai a 1643, wanda da ba don 'yan asalin ƙasar ba da sanyi ya kashe shi, shi ne kuma bayan yaƙin 1675 zuwa 1676 tsakanin Turawa da 'yan asalin ƙasar, wanda aka ƙona Providence har da gidansa, ya shiga cikin waɗanda suka tsara sayar da 'yan asalin ƙasar da aka kama a yaƙin cikin bauta. Wannan tabo ne babba, kuma masu yabonsa sun cika tsallake shi. Ya rasu a 1683, ita kuwa Massachusetts sai a 1936 ta ga damar soke hukuncin korar da ta yi masa.