Baƙin da azurfa ke yi ba alamar jabu ba ne

Mata da yawa, da zarar zobe ko ɗan kunnen azurfa ya fara dishi-dishi, sai su ce maƙeri ya cuce su. Alhali azurfar gaske ce ma ke yin haka. Akwai ɗan sinadarin farar wuta a cikin iska, shi ke haɗuwa da fuskar ƙarfen ya bar baƙin. Saman kawai yake taɓawa, ba kamar tsatsa da ke cin baƙin ƙarfe har ciki ba. Ɗan gogewa da kyalle mai laushi, haske ya dawo.

Masu nannaɗe waya da hannu su yi sarƙa da awarwaro ma da gangan suke jawo baƙin. Wasu sukan rufe kayan a roba tare da dafaffen ƙwai mai zafi da aka farfasa, warin nan na ƙwai shi ke aikin. Bayan ya yi duhu sai su goge tudun wayar su bar baƙin a lungu, nan ne kowane murɗi ke fitowa sarai. Wanda ya sayi irin wannan ya dirje shi da toka da lemun tsami, ya wanke aikin da ya biya kuɗinsa.

Koren da jan ƙarfe ke bari a hannu kuwa gumi ne ke jawo shi, sabulu na fitar da shi. Ƙaiƙayi da ƙuraje daban ne, galibi wani ƙarfe mai suna nikel da aka gauraya a kayan ke kawo su. Kayan adon da ke kawo irin wannan a cire shi.