Ceri mai tsami a Hangari da magaryar da muka bari a daji

Ina zaune a Debrecen, gabashin Hangari, kuma daga ƙarshen watan Yuni zuwa tsakiyar Yuli babu kasuwar da za ka shiga ba ka tarar da kwandunan ceri mai tsami ba. Ƙaramin ɗan itace ne, mutanen nan suna kiransa meggy. Ja ne wur, tsaminsa ya kusa na zoɓon da ba a sa wa sukari ba, kuma da shi suke yin wata miya mai sanyi da kirim mai tsami, wadda ake sha lokacin zafi. Saura a dafa da sukari a cika kwalabe domin hunturu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda suka riƙe bishiyar. Asalinta itaciya ce da ake dasawa a gidajen ƙauye. Tsohon irinsu, Pándy, yana da daɗi amma ba ya 'ya'ya shi kaɗai, sai an dasa wani iri kusa da shi ƙudan zuma su kai masa ƙurar fure, kuma ko da haka wata shekarar ya ƙi bayarwa. Maimakon su yar da shi, masana suka bi gidajen manoma suna zaɓen bishiyoyin da ke cika da 'ya'ya ba tare da abokin zama ba. A haka aka samu Újfehértói fürtös, mai sunan wani ƙaramin gari a arewa da nan. Ana yi masa aure a kan saiwar cerin daji mai jure fari, yau har a jihar Michigan ta Amurka ana noma shi da sunan Balaton.

Kada wani ya ce a kawo wannan irin zuwa Kano. Bishiyar tana buƙatar sanyin hunturu mai tsawo kafin ta yi fure, sanyin da namu na Disamba bai kai ba.

Mu ma muna da namu: magarya, kanya, ɗinya, tsada, goriba. Kowa ya sha kunun tsamiya, kowa ya lashi maɗin ɗinya. Amma wa ya taɓa ganin manomi ya ware kadada ya dasa ɗinya? Sai dai a tsinta a daji, in masu gawayi sun rage ta. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin dabarar aure ba baƙuwa ba ce a wurinmu, mangwaro mai aure ya cika Zariya.

Kuma an gwada an gani. A cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadoré kusa da Yamai, an aura wa magaryarmu irin Indiya, 'ya'yan suka ninka namu girma har ake kiransu tuffar Sahel. Ina son in ga an yi wa kanya da ɗinya haka: a bi ƙauyuka a tambayi dattawa wace bishiya ce ta fi zaƙi, a yanko reshenta, a raɗa mata sunan garin, a sayar da dashenta a kasuwa kafin damina.