Wai man kariya daga rana yana kashe sojojin jiki?

Jama'a na daɗe ban yi dogon rubutu ba, abin da na gani a gidan yayata a Agege shekaranjiya ne ya hana ni shiru. Tana da yarinya zabiya 'yar shekara 9, da kullum sai an shafa mata man kariya daga rana a fuska da wuya da bayan kunne kafin ta tafi makaranta, to ina zuwa na tarar wuyan ya yi jajur kamar an watsa mata ruwan zafi, har ya fara saluɓewa. Na ce Yaya lafiya? Ta ce ai ta daina shafa mata, wani odiyo aka turo a grup ɗin matan layinsu wai turawa sun gwada man a ɗakin gwaje-gwaje sun ga yana kashe ƙwayoyin fata da sojojin jiki.

Ana irin gwajin kam, ba ƙarya ba ne. Amma yaya ake yinsa? Ƙwayoyin fata ne ake rainonsu a ɗan faranti, tsirara babu abin da ya rufe su, sai a dinga zuba musu sinadarin ana ƙarawa ana ƙarawa har a ga inda suka fara mutuwa, dama iyakar ake nema. Wallahi ko gishirin miya ka tula musu mutuwa za su yi. Fatar mutum kuwa tana da katanga ta matattun ƙwayoyi a sama, kuma irin man da ake yi da zinki oksayid ko titaniyom galibi a kan katangar nan yake zama.

Ba zan ɓoye ɗaya ɓangaren ba. A 2019 da 2020 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gwada a jikin mutane, ta ga wasu sinadaran irin oksibenzon da abobenzon suna shiga jini. Abin da ta ce shi ne a ƙara bincike, ba ta ce a daina shafawa ba. In hankalinki bai kwanta ba sai ki nemi mai zinki, shikenan.

Abin da mai odiyon bai faɗa ba, ita ranar ce ke taɓa sojojin. Akwai wasu ƙwayoyi masu gadi a saman fata da wani Bajamushe mai suna Paul Langerhans ya gano tun 1868, su ne ke kai rahoto in baƙon abu ya shigo, hasken UV, wato wani ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani, yana rage su yana kuma lalata ƙwayar halitta, wato ɓarawo ya shigo ga maigadi an kore shi. Tun shekarun 1970 wata mai bincike Margaret Kripke ta nuna a ɓeraye cewa kansar fatar da jikin lafiyayyen ɓera ke ƙin karɓa, in aka dasa ta a wanda aka daɗe ana haska wa UV sai ta kama ta girma. Yanzu ku auna wannan da zabiyar da ba ta da launin da ke kare mu, ga ranar Legas da sha biyu.

Abin haushin ma, cikin masu tura odiyon akwai masu shafa man bilicin na haɗi, wanda sau da yawa akwai sitiroyid a ciki, shi kuwa aikinsa kenan danne garkuwar fata, shi ya sa za ka ga fuska ta yi laushi jijiyoyi sun fito ga makero ya ƙi warkewa. Wannan ba a yi masa odiyo ba.

Shi SPF ɗin da ke jikin roba ma, wato lambar ƙarfin kariyar man, a fatar gadon bayan mutane ake auna shi, miligiram 2 na man a kowane murabba'in santimita na fata, mai lamba 30 yana tare kusan kashi 97 cikin ɗari na UVB, wato irin UV ɗin da ke ƙona fata, in an shafa da kauri haka, mu kuwa ɗan tsinke muke lakatowa don kuɗinsa ba wasa ba, ga zufa tana wanke shi kafin azahar.

Jiya dai na kai musu mai zinki da hula malafa. Na ce mata mutane na ƙorafin yana sa fuska fari fat kamar an shafa alli, sai yarinyar ta kwashe da dariya ta ce Kawu ni ai ba za a gane ba.